Tambayi Gwaggo: Ɗana Ya Ƙi Aikin Gwamnati

Wasiƙun wannan watan kusan duk ƙara ce. Uba ya kawo ƙarar ɗansa, 'ya ta kawo ta mahaifinta, har da ubangida mai kukan yaran shagonsa. Na zaɓi huɗu, kuma kamar kullum na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, na yi shekara 21 ina aiki kafin a rufe. Ɗana na uku shekararsa 27, ya karanta kimiyyar kwamfuta, ya gama bautar ƙasa. Na yi ta bin ƙafa ina zubar da girmana a ofisoshi, har wani tsohon abokina ya samo masa gurbi a wata ma'aikatar jiha, mataki na 8. Yaron nan ya dubi tsabar idona ya ce ba ya so. Wai wasu mutane yake yi wa aiki a ƙasar waje ta intanet, suna biyansa da dala. Kwana yake a gaban kwamfuta, ya kwanta bayan asuba sai azahar. Maƙwabta sun fara tsegumi, wai ko ɗan damfara ne. Gidan da ya je neman aure sun tambayi inda yake aiki, muka rasa ta cewa. Raina ya ɓaci, har ina jin kamar in yi masa baki.
Daga wani uba, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, don Allah ka riƙe bakinka. Bakin uba ba abin wasa ba ne, kuma yaron da bai yi sata ba, bai sha ƙwaya ba, bai kai a yi masa baki don ya ƙi kujera a sakatariya ba.

Da na ga ka ce Kakuri sai na ajiye biro na yi shiru. Yayata a can ta yi aure, ina zuwa hutu wajenta tun ina budurwa. Na san yadda titi yake cika da kekuna idan an busa jiniyar canjin aiki, masu abinci sun jera kwanuka a bakin get, mai shayi ba ya kashe wuta har gari ya waye. Mijin yayata yakan ce masaƙa ba ta mutuwa, tunda mutane ba za su daina sa tufafi ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. Mutane ba su daina sa tufafi ba, atamfar ce kawai ta koma zuwa daga Sin. Abin da ya biyo baya ka fi ni saninsa. Aiki mai get da katin shaida da albashin ƙarshen wata ka yi, kuma shi ne ya bar ka da rana tsaka da yara a gaba.

Na fahimci abin da kake nema wa ɗanka. Tabbas kake nema masa, kuma a zamaninmu aikin gwamnati ne gidan tabbas. Na kama aikin koyarwa a 1980. Albashin ba yawa, amma ba ya saɓa ranarsa, kuma yana kai mutum ƙarshen wata. Waɗanda suka riga mu ma sun ci kuɗin ƙarin albashin Udoji, har masinja ya sayi rediyo da keke sabo dal. Iyaye na ba malamin makaranta 'ya ba tare da dogon bincike ba. Daga 1986 da Babangida ya kawo SAP, tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta fara zamewa, ba ta kuma sake tsayawa da ƙafarta ba. Yau mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 ne, tun Yulin 2024. Fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura dubu a 2024. Mai mataki na 8 a jiha, idan ya cire kuɗin mota da na abincin rana, da ƙyar abin da ya rage ya sayi buhun shinkafa. Ni da na yi shekara 35 ina shaƙar alli, sai da na yi shekara uku ina zarya da fayil kafin a biya ni kuɗin sallama, wasu abokan aikina kuwa magadansu ne suka karɓa. Ɗanka ya ga duk wannan, a cikin gidanku ma ya gani. In dai ana biyansa ko da dala 300 ne a wata, lissafin ba ya bukatar digiri.

Kwana a zaunen nan kuma na san shi, don autana ma haka yake. Na yi faɗa har na gaji. Wata rana ƙarfe 11 na dare na ɗauki dardumata na shiga ɗakinsa, na ce yau sai na ga aljanun da kake hira da su. Sai ga wata Baturiya mai furfura a allon kwamfuta, rana ba ta ma faɗi ba a tagarta, tana bin aikinsa layi-layi kamar yadda nake bin littafin ɗalibai da jan biro. Tsakaninmu da gabashin Amurka awa 5 ne ko 6, yammacinta kuwa 8 ko 9. Darenmu ne ranar aikinsu.

Kai ma ka yi haka. Ka ce ya zaunar da kai ya nuna maka. Mai aikin halal zai nuna takardar yarjejeniya, ya nuna abin da ya gina, ya nuna kuɗin na shiga asusu mai sunansa daga wuri ɗaya sananne. Ɗan damfara kife waya yake idan an shigo, layukan waya gare shi barkatai, kuma in ka tambaye shi abin da ya sayar har aka biya shi sai ya hau kame-kame. Idan ka gani da idonka, kai ne za ka rufe bakin maƙwabta da jimla ɗaya a majalisa bayan la'asar.

Amma ban ba yaron gaskiya duka ba, ka karanta masa wannan sashen. Ɗana, aikin nan naka ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya, kuma saƙon imel guda ya isa ya ƙare shi ranar Talata da safe. Masaƙar babanka aƙalla ta yi shekaru tana tangal-tangal kafin ta faɗi. Saboda haka duk watan da dala ta shigo ka ɗauka na ƙarshe ne: ka sayi fili, ka shiga adashi mai ƙarfi, ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ka kama ko da ɗan shago ne ka kafa allo a ƙofa. Surukai ba takardar banki suke nema ba, wurin da za su nuna da yatsa suke nema su ce ga inda mijin 'yarmu yake wuni. Sannan barcin rana bai ɗauke maka jana'iza da ɗaurin aure da sallar jam'i ba. Ina zargin rabin fushin mahaifinka daga nan yake, an daina ganinka a cikin mutane.

Abokin nan naka kuma, Malam, da ya nemo gurbin, kada a bar shi ya ji labari a gari. Ku je gidansa kai da yaron, yaron ya yi godiya da bakinsa, ya ba da haƙuri. In akwai ƙane ko ƙanwa mai takardu, nan ne wurin ambata.

TAMBAYA: Gwaggo, ni ma matashi ake ce mini, shekarata 36, ina da shagon gyaran waya a Farm Centre. Shekara 9 na yi a ƙarƙashin ubangidana a titin Beirut, shara da aike da ɗauko abinci, kafin ya sallame ni da jari. Yanzu yaro ɗan shekara 19 zai zo, ranar farko ya tambaye ni nawa zan riƙa biyansa. Wata uku ya iya canza gilashi, sauran ya kalla a YouTube, sai ya kafa tebur a gefena ya kwashe mini kwastomomi ta WhatsApp. Har tsohon yayi suke ce mini. Yara huɗu ke nan a shekara biyu. Me ya samu yaran yanzu?
Daga mai gyaran waya, Kano.

AMSA: Ɗana, na yi dariya har jikata ta leƙo. Ɗan shekara 36 yana cewa "yaran yanzu". Barka da shigowa layinmu.

Ka yi sa'ar ubangida, shi ya sa kake ganin hanyar mai kyau ce. Ka zaga Kwari da Singa ka ƙirga masu furfura a gemu da har yau yaran shago ne, an aurar da su, an ba su ɗaki, amma maganar sallama ba a taɓa tayar da ita ba. Yaran da ke zuwa wajenka 'ya'yansu ne da ƙannensu. Tambayar "nawa za a biya ni" daga gida suka zo da ita.

A da sana'a a cikin kan ubangida take kulle, mabuɗin kuma haƙuri ne. Yanzu wani ɗan Indiya ya zuba ta a YouTube kyauta. Sannan yaran nan sun ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai tebur da lema da na'urar POS yake samun abin da mai shago bai samu ba. Wanda ya ga haka ba za ka ce masa ya yi shekara 9 yana shara a kan "Allah ya sa albarka" ba.

Abin da ya rage a hannunka shi ne wanda ba a kallo a waya: dilan da zai ba ka kaya bashi don ya san ubangidanka, sanin gilashi na gaske da jabu tun daga cikin kwali, yadda ake lallashin Hajiyar da hotunan bikin 'yarta suka ɓace. Wannan kake sayarwa, to ka sa masa farashi a fili. Ka dubi 'yan kasuwar Ibo na Sabon Gari, tun ranar da aka kawo yaro an san shekarun da zai yi da abin da zai fita da shi. Yaro na biyar idan ya zo, ka kira mahaifinsa da wani dattijo daga shugabannin kasuwa, a rubuta: shekara kaza, kuɗin mako kaza, ranar sallama kayan aiki kaza da jari kaza. A rubuta kuma cewa lambobin kwastomomi na shago ne. Wannan ɗin ba zamani ba ne, cin amana ne, ko a wace shekara aka haifi mutum.

TAMBAYA: Gwaggo barka da aiki. Shekarata 23, ina ajin ƙarshe a jami'a. Babanmu tsohon ɗan jam'iyyar PRP ne, kullum maganarsa matasan yanzu ba su da aƙida, taliya da data sun saye mu. Ni ban yi zaɓe a 2023 ba, ko katin ban karɓa ba. Wata 8 na yi a gida a 2022 saboda yajin aiki, babu ɗan siyasar da ya damu, 'ya'yansu suna waje. Yayana kuma yana cikin masu yi wa wani ɗan majalisa yaƙi a Facebook, yana zagin sa'o'in babanmu ana tura masa kuɗin data. Kullum da daddare gidanmu kamar filin dambe. Wa ke da gaskiya a cikinmu?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: 'Yata, ki gaishe mini da babanku, ki ce wata 'yar gidan NEPU tana gaishe shi. Mahaifina tela ne a cikin birnin Zariya. Kafin a haife ni 'yan doka suka ɗauke shi daga kan kekensa saboda ya halarci lacca ba da izini ba, alƙali ya ba shi wata uku. Ya rasu da tabon bulala a gadon bayansa, kuma ya fi alfahari da shi a kan duk rigar da ya taɓa ɗinkawa.

Ki tambayi babanku me dattawan wancan lokacin suke kiran su mahaifina. Marasa kunya, 'yan iskan gari, yaran da ba sa cire takalmi in hakimi zai wuce. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, Malam Aminu Kano bai wuce shekara 30 ba. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar garinku, tana ƙaramar yarinya ta fara hawa mumbari, ta sha ɗauri fiye da sau goma. Ko a ɗaya ɓangaren na jam'iyyar NPC, Maitama Sule yana ɗan shekara 30 ya zama minista a 1959. Mutanen da ake kafa mana misali da su yau, yaran zamani ne a ranarsu.

Babanku yana da gaskiya a abu guda, kuma babba ne. A 1979 na jefa ƙuri'ata ta farko, ina da shekara 19, mabuɗi na zaɓa, alamar PRP, kuma na san dalili. PRP ta ce za ta soke haraji da jangali, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka hau suka soke. Talakan da ke gudu daji idan masu karɓar haraji sun shigo gari ya ga ƙuri'arsa ta zama abin da zai taɓa da hannu. Yau ki tambayi yayanki abu ɗaya da jam'iyyar ubangidansa ta yarda da shi wanda ta gefe ba ta yarda da shi ba. Sai dai ya faɗi sunan mutum ko launin hula.

Sai dai kuma babanku yana goge tarihin da man shafawa. Ba a yi shekara biyu ba PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka raba aure da zumunci a kai. An tsige Balarabe a Yunin 1981. Ranar 10 ga Yulin wannan shekarar aka yi tarzoma a Kano har aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. 'Yan banga ba yau aka haife su ba, rabon shinkafa da atamfa ma mun gani da idonmu. Waɗanda ke raba taliyar yau kuma, ki duba shekarunsu, ba sa'o'inki ba ne.

Ban kuma yarda cewa ba ku damu ba. Na ga yaran da suka cika tituna a Kano da Kaduna ranar 1 ga Agustan 2024 suna kukan yunwa. Na ga waɗanda aka gurfanar a kotu a Abuja a watan Nuwamba, wasu ba su kai 18 ba, suna faɗuwa a gaban alƙali, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka sake su. Zuciya kam akwai ta. Abin da su mahaifina suke da shi ku ba ku da shi shi ne ƙungiya: kati, kuɗin wata-wata daga aljihun tela da mahauci, reshe a kowace unguwa, wanda zai kai wa iyalinka hatsi idan an ɗaure ka. Zanga-zangar kwana goma ta watse, kowa ya koma wayarsa.

Ke kuma da kika ƙi karɓar kati, ba ke kaɗai ba ce. Mutum miliyan 93 suka yi rajista a 2023, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce miliyan 25 ba. Ɗan siyasa bai yi asarar barci a kan sauran ba, sauƙi ma suka yi masa, don taliyar da zai saya ta ragu. Na san an yi muku wayo. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2018 ta sauke shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, ta shugaban ƙasa zuwa 35, sai ga fom ɗin APC na shugaban ƙasa a 2022 naira miliyan 100, na majalisar wakilai miliyan 10. An buɗe ƙofa an ɗaure kare a bakinta. Duk da haka ki karɓi katin. Ki bar maganar Abuja tukuna, ki nemi sanin sunan kansilanku da wanda ke wakiltarku a majalisar jiha, ki tara ƙawayenki goma ku je ku tambaye shi maganar asibitin sha-ka-tafi na unguwarku. Mata goma masu kati a hannu, tsaye a ƙofar gida, sun fi ba shi tsoro a kan sharhi dubu a Facebook.

Yayanki kuwa ki gaya masa in ji Gwaggo: iyayen gidan nan da yake zagi dominsu, gobe zai gan su a hoto ɗaya suna ɗaurin auren 'ya'yansu. Su za su shirya, zagin kuma yana nan da sunansa da hotonsa har ranar da zai je neman aure ko aiki.

Wani dare, maimakon dambe, ki kunna rikoda a wayarki ki ce babanku ya ba ki labarin zaɓen 1979 daga farko. Ni ban yi wa mahaifina haka ba, ba mu da abin ɗauka.

TAMBAYA: Hajiya, matar ɗana ba ta durƙusa mini, a tsaye take gaishe ni. Tana kiran sunan mijinta gatsal a gabana, ɗanta na fari ma ba ta ɓoye sunansa. Ranar Juma'a sai dai ta turo mini gaisuwa ta murya a waya. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya da baki ba, amma abin yana ci mini rai.
Daga wata uwar miji, Funtuwa.

AMSA: 'Yar'uwa, maganar durƙuso ai ba su suka fara ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 samarin lokacinmu suka fara ƙin durƙusa wa iyaye, aka yi ta rigima a gidaje, wasu har aka kore su. Yawancin waɗannan samarin yanzu su ne kakanni. Mai yiwuwa a irin gidan ta tashi, ba a koya mata ba, kuma ba raini take nufi ba.

In abin yana damunki, kada ki bi ta wajen ɗanki, nan ne ake ɓata gida. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ki ce ke tsohuwa ce, gaisuwar waya ba ta ƙosar da ke, kina son ganin fuskarta da ta jikanki ranar Juma'a. Wannan za ta iya. Sunan miji kuma ki sa auduga a kunne.

Ni shekara 38 na yi da maigidana, Allah ya jiƙansa, ban taɓa kiransa da abin da ya wuce Malam ba, ɗana na fari kuwa har yau Babangida nake ce masa. Matarsa ce ta kwana tara a kan tabarma a gefen gadona lokacin da aka yi mini aikin ido. Ranar da na fara jin ta ce "Bebi" a tsakar gidana, na ɗauka jaririn take nufi, na kwance goyo na miƙa mata. Sai na ga ƙaton ɗana mai gemu ya taso daga kan kujera yana cewa na'am.